Littafin aikin gyaran majami'armu a Agege

Lahadi, 2 ga Fabrairu 2025

Bayan sujada dattijai suka kira taron ikilisiya, aka yanke cewa gyaran majami'a zai fara cikin wannan wata. Ni aka ɗora wa rubutu, tunda ni ne sakataren kwamitin gini. Zan riƙa sa abin da aka yi da abin da aka kashe a nan, saboda 'yan'uwanmu da aka yi wa canjin wurin aiki ko suka koma gida Filato da Gombe da Kudancin Kaduna, waɗanda kuɗinsu ke cikin asusun nan, su ma su gani.

Ga wanda bai san halin da ake ciki ba: tun da aka ɗaga titin gabanmu aka gina gwata, daɓen majami'a ya koma ƙasa da titi. Ruwan sama kaɗan, sai ka ga takalman mutane suna yawo a ƙarƙashin benci. Kwano ya yi tsatsa, ginin kuma gajere ne, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe zufa ta gama jiƙa kowa. Abin da muke so shi ne a cike ƙasa a ɗaga daɓe, a ƙara layin bulo uku a bango, a yi sabon rufi da silin, a sake wayarin wuta da tagogi.

Ƙiyasin injiniya naira miliyan 18 da dubu 600. A asusu muna da miliyan 11 da dubu 200, tarin shekara uku. An sa ranar keɓewa Asabar 26 ga Afrilu, mako guda bayan Ista. Ban ce komai a taron ba, amma ranar ta yi mini kusa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Takardar izinin gyara ta fito, mun ajiye kwafi a ofishin Baba Fasto. A Legas ba a wasa da wannan, ko rufi za ka canza gara takardarka tana hannu.

Injiniya ya sa an haƙa rami biyu a jikin bango ya duba harsashi. Ya ce zai ɗauki layi uku da sabon rufi lafiya lau, amma maganar benen da matasa ke so a ɗora a baya don ƙarin kujeru, a manta da ita. Wani dattijo ya ce, "Injiniya, ai 'yan mutane kaɗan ne za su hau." Ya amsa masa da cewa benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a Nuwambar 2021 ma masu kuɗi ne suka gina shi, ba talakawa irinmu ba. Daga nan maganar bene ta mutu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Jiya muka yi sujada ta ƙarshe a tsohon gini. Wata Mama cikin waɗanda suka ɗauki yashi a ka lokacin ginin farko ta ƙi fita bayan an sa albarka, ta zauna a bencinta na kullum har aka fara kwashe na kusa da ita.

Yau kafintoci suka hau cire kwano. Abin da muka gani ya sa jikina sanyi. Gara ta cinye raftocin ɓangaren mawaƙa ta ciki, waje kawai ya rage kamar ɓawon gyaɗa. Kafinta ya sa yatsa ya danna katako mai kauri, yatsan ya shige. Shekara nawa yaranmu suna zaune a ƙarƙashin wannan? Mun yi lissafin za mu sake amfani da rabin katakon, yanzu ko ɗaya ba zai koma sama ba. Ƙarin kusan dubu 900 ke nan tun ba a je ko'ina ba.

An sauko da tsohuwar ƙararrawarmu, wato ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye da sarƙa, da guntun rodin da ake buga ta. Matasa sun so a haɗa da tsohon kwano a sayar wa 'yan gwangwan. Baba Dattijo ya ce a kai ta ɗakin ajiya. Tsohon kwanon an saye shi dubu 240.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Siminti buhu 100 a kan 9,800. Yashi tifa biyu, tsakuwa tifa ɗaya.

Tifar farko ba ta gama juye yashi ba sai ga samari biyar, waɗanda ake kira omo onile da Yarbanci, wato masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa. Wai kuɗin ƙasa. Na ce filin nan namu ne da takarda, kuma gyara muke yi, ba sabon gini ba. Suka ce kowace tifa da kuɗinta, rufi ma da nasa. Akwai dokar da jihar Legas ta yi a 2016 a kan irin wannan, amma doka tana Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jiha suke, su kuma suna tsaye a gaban tifa. Wani ɗan'uwanmu tsohon soja da ya iya Yarbanci ya ja babbansu gefe. Daga dubu 150 aka dawo dubu 40, da sharaɗin ba za su sake dawowa ba. Ma'aji ya tambaye ni me zai rubuta tunda babu rasit. Na ce ya rubuta gaskiya.

Asabar, 1 ga Maris

'Yan'uwa Musulmi sun ɗauki azumi yau. Babban magininmu Bakano ne, yaransa huɗu ma duk suna azumi. Mun shirya da shi za su riƙa farawa da zarar gari ya waye su tashi ƙarfe biyu. An cike ƙasa, gobe ba aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Wannan kuskurena ne, kuma gara na rubuta shi da hannuna.

Inda injiniya ya ce a sayi bulo mai inci tara, 850 suke sayarwa. Wani abokin aikina ya nuna mini wani wuri a kan 650. Na buga lissafi, guda 600 za mu rage dubu 120. Na kawo wa kwamiti a guje kamar na tsinci kuɗi, suka amince, aka biya, aka kawo ranar Talata injiniya ba ya nan. Tun ana saukewa magini ya ce mini, "Malam Sakatare, bulon nan bai ƙoshi ba." Na ɗauka irin maganar masu aiki ce da ba a saya ta hannunsu ba. Na ce ya ci gaba.

Yau injiniya ya zo, an riga an ɗora layi biyu a bangon gabas da na baya. Bai yi magana ba. Ya ɗauki bulo ɗaya, ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya sake. Ba fashewa ya yi biyu ba, watsewa ya yi kamar ƙullin ƙuli. Ya ɗauki guntun ya murje a tafin hannu, yashi zalla yana zuba. Ya ce buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo ashirin da 'yan kai, waɗannan sun matse shi har ya ba da kusan ninkinsa, kuma ba a ba shi ruwa ya sha ba kafin a ɗora a mota. A kan wannan layin ne linta da nauyin rufi duka za su zauna.

Aka rushe layi biyun. Na tsaya ina kallo ana ture aikin kwana uku da ƙafa, ko guduma ba a nema ba. Mai bulon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Bayan doguwar magana ya karɓi guda 250 da ba a taɓa ba, ya mayar da rabin kuɗinsu. Sauran za su shiga ciko. Idan aka haɗa da simintin da ya tafi da ladan magini, asarar ta kai dubu 410.

Da yamma na je na sami Baba Dattijo a gida na ce, "Baba, a cire daga albashina kaɗan kaɗan." Ya ce, "Ɗana, kwamiti ne ya amince, ba kai kaɗai ba. Amma araha ba ta ado, yau ka gani da idonka." Magini kuwa ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa maka ba. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Lahadi, 16 ga Maris

Mako na huɗu muna sujada a ƙarƙashin rumfar haya, dubu 35 kowace Lahadi. An ɗora layi ukun da bulo mai kyau, an zuba linta.

Laraba, 26 ga Maris

Ruwa da iska daren jiya. Tamfol ɗin da muka rufe siminti ya yaye, buhu 14 sun sha ruwa, da safe sun zama dutse. Mai gadinmu ya yi ƙoƙari shi kaɗai cikin duhu, ya ja buhu tara zuwa ofis, bayansa ya riƙe. An kai shi kemis. Daga yau siminti a ɗakin makarantar Lahadi zai kwana, a kan katako, yara su yi haƙuri su koma ƙarƙashin mangwaro.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Magini da yaransa sun tafi sai bayan mako guda. Maƙwabcinmu Alhaji ya aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe a babbar kula, muka ci bayan sujada.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Taron kwamiti daga ƙarfe ɗaya har bayan biyar. Ban taɓa ganin dattijanmu sun ɗaga wa juna murya haka ba.

Ma'aji ya karanta lissafi. Idan aka biya rufi, abin da zai rage ba zai kai ga daɓe da tagogi da wuta da silin ba. Giɓin ya haura miliyan bakwai, ranar keɓewa saura kwana ashirin, kuma an riga an kai wa shugaban gundumar ikilisiyoyinmu takardar gayyata.

Hanya biyu aka kawo. Ta farko, a ci bashin miliyan huɗu a wata ƙungiyar adashin ma'aikata, a biya cikin shekara guda da ruwa. Ta biyu, wani bawan Allah mai hali, wanda yakan zo mana jefi-jefi, ya ce zai ba da miliyan uku idan za a sa sunan mahaifinsa marigayi a kan dutsen keɓewa.

Ma'aji ya goyi bayan bashin. Ya ce, "Baba, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manyan majami'un Ikko ɗin nan da kuke gani, wanne ne ba banki a bayansa?" Baba Dattijo ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a ya ce ya Ubangiji ga gidanka ba, alhali rabin gidan na masu adashi ne. Ya ce abin da ka keɓe wa Allah sai ya zama naka tukuna, ba a kyauta da kayan aro. Ya sa aka buɗe Luka 14, wurin mai ginin hasumiya da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Ma'aji ya ce ai ayar a kan wanda ya kasa gamawa take, kuma mu ne za mu zama shi. Gaskiya a nan ma'aji ya fi kusa da ayar.

Maganar suna ta fi zafi. Mama shugabar Zumuntar Mata ce ta kashe ta. Ta ce, "Baba Fasto, ku gafarce ni. Miliyan goma sha ɗayan nan, masu gadi ne da masu wanki da masu tura baro a kasuwar Mile 12 suka tara ta, dubu biyu, dubu biyar. In za a sa suna, a nemo dutsen da zai ɗauki sunan kowa." Ba wanda ya amsa.

Aka yanke: ba bashi, ba suna. An ɗage keɓewa zuwa Asabar 14 ga Yuni. Za a yi gidauniya a watan Mayu, abin da kuɗi bai kai ba a bar shi.

Ra'ayina, tunda littafin a hannuna yake: a kan bashi ina tare da Baba. A kan suna kuwa, ina ganin an iya yi wa mutumin nan magana mai laushi fiye da yadda aka aika masa. Mahaifinsa yake so a tuna, ba kansa ba. Da aka kira shi ya ce ba komai, ya kashe waya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Katako daga kasuwar Amu a Mushin. An shafe kowanne da maganin gara haɗe da baƙin mai kafin ya hau sama. Wurin kwano kuwa ban je ni kaɗai ba, maciji ya sare ni sau ɗaya. Injiniya ya zo da ɗan ma'aunin kauri a aljihu, ya gwada a gabansu kafin su yanka. Mun ɗauki mai kauri 0.55, dogo daga tsororuwa har baki ba haɗi. Rufi gaba ɗaya, da katako da ƙusa da ladan kafinta, miliyan 6 da dubu 850.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Jiya da magariba aka buga kwanon ƙarshe, sai Baba Fasto ya ce a shiga ciki. Ba tagogi, ba ƙofa, ƙasa jar ƙasa ce, aka jera benci a kanta. Iska tana shiga ta ko'ina. Wani dattijo ya tambaya ko ya halatta a yi sujada a ciki tun ba a keɓe ba. Baba Fasto ya ce in rumfar haya ta halatta, wannan ma ta halatta. Mun huta da dubu 35.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata, muka sa gayyar zuba daɓe. Leburori sun nemi dubu 380, muka ce za mu yi da kanmu, injin kwaɓa kawai muka ɗauko haya.

Ƙarfe shida da rabi masu gadin dare suka fara isowa, wasu daga Ikeja, wasu daga Ogba, da kayan aikinsu a jiki, ba su runtsa ba. Suka tuɓe riguna suka rataye a katanga. Mata suka yi layi biyu daga injin zuwa ƙofa, kwanon sarki yana tafiya hannu zuwa hannu, wanda ya zube yana dawowa ta ɗaya layin. Wata ta ɗaga waƙar Zumunta, sauran suka amsa, sai kwanon ya riƙa tafiya daidai da waƙar. In aka canza zuwa mai sauri, magini ya yi ihu daga ciki, "Mama, a rage, kun fi ƙarfina!"

Akwai wani yaro ɗan Langtang da ke gadi a wani kamfani, ban san shi sosai ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na same shi a bayan ofis a zaune a kan buhun siminti, shebur a tsakanin ƙafafunsa, barci ya sace shi, siminti ya bushe masa a gira. Na bar shi. Ƙarfe biyar zai koma bakin aiki.

An shimfiɗa leda a ƙasa kafin kankare saboda damshi. An gama ƙarfe uku. Abinci da ruwa da man injin dubu 96. Tafin hannuna biyu duk sun yi kanta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Gidauniya. An samu miliyan 4 da dubu 350 a hannu da ta banki. Alkawuran baki ban sa su a lissafi ba sai na ga alat. Sashen Turanci da ikilisiyoyin Hausa na Idi-Araba da Ojo sun turo wakilai da gudummawa. Cikin ambulan ɗin da muka buɗe akwai ɗaya cike da 'yan ɗari biyu da ɗari ɗaya masu warin manja da hayaƙi, dubu 31 da 400, ba suna. Mun san mai ita, amma tunda ba ta rubuta ba, ni ma ba zan rubuta ba.

Da wannan kuɗi za a yi tagogi, ƙofofi, wuta, filasta da fenti. Silin miliyan 2 da dubu 600 ne. Ba zai samu ba.

Talata, 20 ga Mayu

Filasta ta ƙare, mai walda ya kafa tagogi. Wayarin ya ci miliyan 1 da dubu 150 da fankoki goma.

Rigimar yau ta lasifika ce. Matasa sun je kasuwar Alaba sun ga manyan ƙahonni biyu da suke so a kafa a waje, unguwa ta san mun dawo. Na ce a'a. Hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, tana rufe majami'u da masallatai saboda ƙara, kuma mu gidajen mutane ne kewaye da mu, tagar Alhaji ba ta fi taku goma daga bangonmu ba. Shugaban matasa ya ce wasu ai suna yi. Baba Fasto ya ce mutumin da ya aiko mana tuwon Sallah ba za mu saka masa da ƙaho a kunne ba. Ƙanana huɗu za a sa a ciki.

Laraba, 28 ga Mayu

Tayil daga kasuwar Orile. Kuɗin ya isa bagade da hanyar tsakiya kawai, sauran daɓen siminti ne a goge. Mai sa tayil, mutumin Kwatano, ya buɗe kwali ya nuna mini kala biyu ne aka haɗa mana, ɗaya ya ɗan fi duhu. Ba lokacin komawa. Ya sa masu duhun a gefe kamar da gangan aka yi musu iyaka, har ya fi kyau.

Talata, 10 ga Yuni

Mun ƙi sayen sa kafin Babbar Sallah, don a makon jiya ko kallon dabba a Agege sai mai ƙarfin zuciya. Yau aka je Oko-Oba aka samo matsakaici. Abincin biki ba daga asusun gini yake ba: Zumuntar Maza sa, Zumuntar Mata shinkafa buhu uku daga Daleko, 'yan'uwanmu na Mile 12 tumatir da attaruhu da albasa kyauta.

Alhamis, 12 ga Yuni

Hutu, an yi shara da wanke benci. An goge tsofaffin bencin an shafa musu mai, sun koma ciki, don kuɗin kujeru babu.

Dutsen keɓewa ya iso. Na buɗe na karanta, sai na ga "An kebe wannan gida domin daukakar Allah." Mai sassaƙar ba Bahaushe ba ne, kwamfutarsa ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ta miƙar da su. Wasu suka ce ai kowa zai gane. Na ce dutse ne, jikokinmu za su karanta, kuma yaran da aka haifa a nan Hausarsu da ma tana rawa. Na koma da shi a keke, na zana masa ɓ da ɗ a takarda, ya ɗauki 'yar kurfi ya ƙara musu ƙugiya da hannu, ya cika da ruwan zinariya. In ka matso za ka ga ba injin ne ya yi su ba. Dubu biyar ya ƙara.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ƙarfe takwas na dare ma'aji ya gano akwai ragowar magini dubu 185 da ba a biya ba, asusu kuma saura dubu 130 da 'yan kai kafin baikon Lahadi. Magini da kansa ya ce a bari sai bayan biki, ba ya sauri. Baba Dattijo ya ce ladan ma'aikaci ba ya kwana, haka yake a Littafin Firistoci, balle gobe za a miƙa gidan. Muka tsaya a bakin ƙofa mu bakwai kowa yana duba wayarsa, wannan dubu goma, wancan dubu biyar. Ƙarfe tara da kwata alat ya shiga wayar magini. Ya ce, "Baba, Allah ya sa a shiga lafiya."

Asabar, 14 ga Yuni

An keɓe.

Ƙarfe goma aka buga tsohuwar ƙararrawa, wadda aka rataye a sabon ƙarfe gefen ƙofa. Kowa yana waje, ƙofa a kulle. 'Yan Birged a gaba da ganguna, mawaƙa, Zumuntar Mata cikin anko da tulu da caki, sai fastoci. Wakilin Sarkin Hausawa ya zo, baale, wato mai unguwar Yarbawa, ya zo, Alhaji ma ya zo ya zauna a rumfa. Injiniya ya miƙa wa Baba Dattijo makulli, shi ya miƙa wa shugaban gunduma. Kafin ya karɓa ya tambaya da ƙarfi, kowa yana ji, ko akwai wanda ke bin ginin nan bashi. Baba Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ko sisi." Na dubi ma'aji, ya sunkuyar da kai yana dariya. Aka yaye ƙyallen dutse, aka buɗe ƙofa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, muka shiga da waƙa.

An karanta 1 Sarakuna sura 8, addu'ar Sulemanu a ranar keɓe Haikali. Mai wa'azi bai tsaya inda aka saba tsayawa ba. Ya gangara zuwa aya ta 41, inda Sulemanu ya roƙa wa baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa, cewa shi ma in ya yi addu'a a gidan a ji shi. Ya ce a Disambar 1893 a nan Legas samari uku na mishan ɗin SIM suka sauka daga jirgin ruwa, Bingham da Gowans da Kent, suna neman hanyar Arewa, biyu cikinsu suka mutu a 1894. Yau ga jikokin Arewan sun gangaro Legas neman abinci, sun gina ɗakin sujada da harshen Hausa. Ya ce a ɗaga hannu wanda aka haifa a garin nan. Yara ne kawai suka ɗaga.

Sai aka zo keɓewar kanta. Shugaban gunduma yana faɗin abin da aka keɓe gidan dominsa, wa'azin Maganar Allah, baftisma, Jibin Ubangiji, ɗaurin aure, ta'aziyyar masu makoki, mu kuma muna amsawa, "Mun keɓe wannan gida." Ana kan na uku ruwa ya sauko. Ruwan Yuni na Legas a kan sabon kwano ba silin. Ƙananan lasifikanmu huɗu suka zama kamar babu su. Muna ganin bakinsa yana motsi, ba ma jin komai. Sai ya ajiye makirfo, in ya gama layi ya ɗaga hannu, mu kuma mu amsa da iyakar muryarmu. Haka aka yi har ƙarshe. Shugaban matasa ya waiwayo ya dube ni, na san maganar ƙahonninsa yake yi.

Ni kuwa idona yana bakin ƙofa. Gwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya hau matakala ta farko, ya taɓa ta biyu, ya tsaya a nan. Maman nan ta bencin kullum ta tuɓe takalmanta ta riƙe a cinya tun da aka fara ruwan, sai da wata ta taɓa ta ta nuna mata ƙasa a bushe.

Bawan Allahn nan mai miliyan uku bai zo ba. An ajiye masa kujera a gaba.

Litinin, 16 ga Yuni

Lissafin ƙarshe da ma'aji. Abin da ya shigo gaba ɗaya, da tsohon asusu da gidauniya da baiko na musamman har na jiya da kuɗin tsohon kwano, miliyan 17 da dubu 430. An kashe miliyan 17 da dubu 388 da 500. Saura 41,500. Cikakken lissafi da rasit yana manne a allon sanarwa har ƙarshen wata.

Akwai ɗigo wuri ɗaya a kusurwar mawaƙa, ƙusa ce ta kauce wa katako, kafinta zai zo Laraba. Fanka ɗaya tana ƙara. Masu alkawarin gidauniya mutum 23 ba su cika ba, zan fara kiransu gobe, abin da ya shigo na silin ne. Injiniya ya ce farashin da ya ba mu ba zai wuce watan Agusta ba.

Baba Fasto ya ce ranar Asabar zai je gidan mutumin nan a Ikeja da hoton bikin da ƙullin nama, kuma ni zan raka shi.